Gwamnati na Sayen Gidan Mai Hali da Tsada, Tana Karɓar Gonar Talaka da Araha

Hanya biyu gwamnati ke bi idan tana bukatar fili ko gini a Najeriya. Ta farko ciniki ce: wata ma'aikata tana neman ofis, ko jiha tana son masaukin gwamna a Abuja, ko jami'a tana neman gidan da za ta mayar ɗakin kwanan ɗalibai, sai a nemi mai gida a taya, ya sallama ko ya ce albarka. Ta biyu kuwa babu tayi, babu albarka: za a ja titi, ko a shimfiɗa layin dogo, ko a datse kogi, sai gwamna ya soke haƙƙin mallakar duk wanda aikin ya biyo ta kansa, a ba shi abin da ake kira diyya. A duka biyun kuɗin jama'a ne ke fita, kuma a duka biyun akwai wani mutum da ya zauna ya rubuta cewa wannan kadara darajarta kaza ce. Ra'ayina shi ne matsalarmu tana wurin wannan mutumin da takardar da ya rubuta. Idan mai sayarwa babba ne, takardar takan kumbura. Idan talaka ne ake karɓa daga hannunsa, takan motse. Dalilin kuwa ɗaya ne: wanda ke biya shi ke naɗa mai ƙiyasi, kuma babu wanda ke ganin ƙiyasin sai su biyu.

Bari a fara da bangaren karɓa, domin nan ne doka ta yi magana dalla-dalla. Dokar Amfani da Ƙasa da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978 ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin tun dokar Turawa ta 1910 da dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ake tafiya a kan cewa ƙasa tana hannun hukuma, mutum kuwa haƙƙin zama da amfani yake da shi. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya faɗi abin da za a biya. A kan ƙasar kanta, abin da mutum zai samu shi ne daidai kuɗin harajin filin da ya biya a shekarar da aka soke masa, idan ma ya biya. A kan gini, za a ƙiyasta abin da zai ci a sake gina irinsa, sannan a zaftare gwargwadon tsufansa. A kan amfanin gona da itatuwa, adadin da babban jami'in filaye na jiha ya tsayar shi ne magana.

Idan aka karanta wannan da idon manomi, ma'anarsa ita ce gonar da ya gada daga kakansa, wadda maƙwabcinsa zai saya da miliyoyin naira idan ya sa ta a kasuwa, a wurin doka ba ta da farashi. Dawar da ke tsaye a kanta tana da farashi, ɗorawar da ke tsakiyarta tana da farashi, amma ƙasar da ta tsirar da su ba ta da shi. Idan kuma rabo ya sa masu ƙidaya suka zo da rani bayan an gama girbi, sai ya tashi da kuɗin itatuwa kawai. Haka mai gidan ƙasa da ya shekara talatin a ciki: za a ce ginin ya tsufa, a rage masa, alhali mai sayar da siminti da kwanon rufi ba zai rage masa ko sisi ba saboda tsohon gidansa ya tsufa. Wannan ne ya sa ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance a kansu suke da nasu sharaɗi dabam, wato a biya cikakken kuɗin maye gurbin kadara ba tare da zaftare tsufa ba. Sakamakon haka a jiha ɗaya, ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka suna iya samun diyya mai bambanci sosai, don kawai aikin da ya ratsa ɗaya da kuɗin rance ake yin sa, na ɗayan kuma da kuɗin baitulmali.

Ranar ƙidaya kanta ta cancanci a dube ta da kyau, domin a nan ake cin mutum ko a ci gwamnati. Jami'ai sukan iso da mota, da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, dagaci ko mai unguwa yana gaba yana nuna iyaka. A shafa alama da lamba a jikin katanga, a shiga gona a ƙirga mangwaro da kuka da tsamiya, wani ya ce wannan ya isa haihuwa, wannan matashi ne, wancan dashe ne, kowane da kuɗinsa. Sai a miƙo takarda da Turanci, manomi ya dangwala yatsa, a naɗe takardar a tafi da ita. Ba a bar masa kwafi ba, bai san itace nawa aka rubuta masa ba, bai san nawa ake biya a kan kowane ba, kuma ba zai sake jin labari ba sai ranar da aka kira shi karɓar kuɗi, wadda ke iya zama bayan shekara biyu ko uku. A tsakanin nan sunayen mutanen da ba su da ko taki ɗaya a wurin sukan shiga jerin, kuma akwai waɗanda ke bin manoma suna karɓar wakilci da alkawarin za su fito musu da haƙƙinsu a kan kaso mai tsoka. Su ma mutanen gari ba duka ne salihai ba: da zarar an ji ƙishin-ƙishin aiki, akan wayi gari a ga dashen itatuwa a inda jiya fako ne, ko katangar da aka ɗora cikin dare ko bushewa ba ta yi ba.

Idan mutum bai gamsu da abin da aka ba shi ba, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin rabon filaye na jiha, wanda gwamna ne ke naɗa mambobinsa. Sashe na 47 ma cewa ya yi babu kotun da ke da hurumin duba yawan diyya ko isarta, alhali sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba wanda aka karɓi kadararsa damar zuwa kotu a kan adadin. Ko da an ce Kundin Tsarin Mulki ne ke sama, manomin da aka raba da gonarsa ba shi da kuɗin lauya, ba shi da kuma takardar da zai kafa hujja da ita. Wanda ya yanka masa farashi ma'aikacin gwamna ne, wanda zai kai wa ƙara kuma naɗin gwamna ne. Kura ce aka ba ajiyar nama, aka kuma ce idan ya yi gibi a kai ƙara wurinta.

Ba a bukatar dogon tunani kafin a san inda irin wannan ke kaiwa, domin an gani a Bakolori. An kammala madatsar ruwan a kan kogin Sakkwato a 1978, a yankin Talata Mafara da Maradun da ke Jihar Zamfara ta yanzu. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwan dubban iyalai, wasu kuma aka hana su noma na tsawon lokaci ana baje gonakinsu domin aikin ban ruwa. Kokensu a kan diyya ne: itatuwan da ba a biya ba, damunar da suka yi asara, da gonakin da aka mayar musu ba daidai da waɗanda aka karɓa ba. Da suka gaji suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka kashe mutane. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Yau ma ga aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ana kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma duka gonakin mutane suke ratsawa a ƙarƙashin wannan doka ta 1978.

A nan ne batun ƙayyade farashi ke shigowa, kuma ina ganin mun daɗe muna yin sa ta hanyar da ba ta dace ba. Tun kafin dokar 1978, wata dokar soja ta 1976 ta raba ƙasar nan shiyya-shiyya ta yanka iyakar abin da gwamnati za ta biya a kan kowace kadada, da nufin hana masu sayen filaye su ɓoye su tatsi gwamnati a lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe ƙofar manyan ayyuka. Manufar ba ta da laifi, amma duk adadin da aka rubuta da naira aka manna a takarda, hauhawar farashi na cinye shi. Jadawalin diyyar amfanin gona da itatuwa da gwamnatin tarayya ke aiki da shi an tsara shi ne a 2008, ba a sake taɓa shi ba sai a 2024, lokacin da Ministan Gidaje Ahmed Musa Dangiwa ya sanar da sabon jadawali. A shiyyar Arewa ta Tsakiya, bishiyar mangwaro da ta isa haihuwa ta tashi daga naira 4,000 zuwa naira 105,000. Wannan tsalle kansa shaida ne a kan irin cutar da aka yi shekaru ana yi. A 2008 naira 4,000 ta haura dala 30. Kafin a sabunta jadawalin ba ta kai dala 3 ba. Duk wanda aka sare masa mangwaro a 2022 ko 2023 aka biya shi da tsohon jadawali, an ba shi kuɗin da bai kai abin da bishiyar ke kawo masa a kaka ɗaya ba. Sabon jadawalin abin yabo ne, amma idan aka bar shi yadda aka bar na baya, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, nan da 'yan shekaru zai zama abin dariya shi ma.

To, a juya zuwa bangaren ciniki, inda labarin ke komawa baibai. Dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin gwamnatin tarayya, an gina ta ne a kan gasa: a tallata, 'yan kwangila su kawo farashi, a zaɓi mafi sauƙi daga cikin waɗanda suka cancanta. Wannan yana aiki idan motoci ko kujeru ake saya. Gida kuwa ba haka yake ba, domin kowane gini shi kaɗai ne a inda yake, kuma idan shugaban hukuma ya ce ginin da ke kan titi kaza ne kaɗai ya dace da bukatarsu, gasa ta ƙare tun ba a fara ba. Abin da ya rage a matsayin kariya ga dukiyar jama'a shi ne rahoton mai ƙiyasi. Idan wanda ke son a yi cinikin shi ne ya zaɓo mai ƙiyasin, shi zai biya shi, shi ne kuma zai ajiye rahoton a durowarsa, to babu wata kariya da ta rage.

Duk wanda ya san harkar dillancin gidaje ya san yadda ake yi. A ce misali gida ne da aka daɗe ana tallarsa a kan naira miliyan 150 ba a samu mai saye ba. Sai dillali ya zo wa mai gida da albishir cewa an samu mai saye, amma gwamnati ce, don haka za a rubuta miliyan 300, ya ɗauki nasa yadda ya nema har da ɗan ƙari, sauran kuma akwai masu shi. Wani lokaci ma ba a tsaya haka ba: wani kamfani da ba a san shi da komai ba sai ya saye gidan a watan Janairu, ya sayar wa hukuma a watan Afrilu da ninki biyu, takardu kuma duk sun cika, har da rahoton ƙwararre mai hatimi. Ba a kama irin wannan cikin sauƙi, domin idan aka sayi buhun shinkafa da ninkin farashinsa kowace uwar gida za ta gane, amma mutum nawa ne za su iya cewa wani bene a Maitama ko Asokoro bai kai abin da aka biya ba? Haka abin yake idan gwamnati ce ke sayarwa, sai dai a nan farashin ƙasa yake yi. A watan Afrilun 2005 Shugaba Obasanjo ya soke cinikin gidajen gwamnatin tarayya fiye da 200 a Ikoyi ta Legas, ya kuma sallami Ministar Gidaje Mobolaji Osomo, bayan an gano cewa an raba gidajen ga manyan mutane da makusantan gwamnati ba tare da an yi gwanjo a fili ba.

Saboda haka abin da nake kira a yi shi ne a raba magani gida biyu, gwargwadon cutar. Inda gwamnati ke saye da yardar mai kaya, haɗarin shi ne ta biya fiye da ƙima, don haka can ake bukatar iyaka ta sama. Inda take karɓa da ƙarfin doka, haɗarin shi ne ta biya ƙasa da ƙima, don haka can ake bukatar iyaka ta ƙasa. Mu kuwa mun ɗora rufi a kan talakan da ba shi da ikon cewa a'a, mun bar mai halin da ke da bakin ciniki babu shamaki. Kuma a duka biyun iyakar kada ta zama wani adadi na naira. Ta zama a ɗaure da ƙiyasin da aka yi a lokacin, a kan wannan kadara, da hannun wanda ba ya cin abinci a ƙarƙashin mai saye.

Akwai wuraren da suka gwada wannan, kuma babu laifi a duba yadda suka tsara. A jihar Fulorida ta Amurka, idan ƙaramar hukuma za ta sayi kadarar da ta haura dala 500,000 ta hanyar da doka ta tanada, sai ta samo ƙiyasi biyu daga ƙwararru, kuma idan farashin da aka daidaita ya wuce matsakaicin ƙiyasin biyu, ba za a saya ba sai da ƙuri'ar rinjaye na musamman a majalisar hukumar. Ana ɓoye ƙiyasin yayin da ake ciniki don kada mai gida ya san iyakar aljihun hukuma, amma ana buɗe shi ga jama'a kafin a amince da sayen. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba a haramta wuce ƙiyasi ba, domin akwai lokacin da makaranta ke bukatar filin da ke jikin katangarta kuma babu wani da zai maye gurbinsa. Abin da aka hana shi ne a wuce a ɓoye. A bangaren karɓa kuma, dokar tarayyar Amurka ta 1970 ta ce a yi ƙiyasi kafin a fara magana da mai kadara, a ba shi damar bin mai ƙiyasi yana nuna masa abin da ke wurin, a miƙa masa tayi a rubuce wanda bai gaza ƙiyasin da aka amince da shi ba, kuma kada a tashe shi sai an biya. Indiya, wadda ta fi kama da mu wajen yawan ƙananan manoma, ta jefar da dokar Turawa ta 1894 a shekarar 2013, ta kawo wadda ke ninka farashin kasuwa har zuwa sau biyu a karkara, sannan a ƙara kashi ɗari cikin ɗari a kai saboda tilas ɗin da aka yi wa mai ƙasa.

Ga Musulmi ma wannan ba sabon zance ba ne. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai gina masallacinsa a Madina, filin na wasu marayu biyu ne, kuma ya nemi a yi masa farashi, ya ƙi karɓa kyauta daga hannunsu har sai da ya saya. Idan filin masallaci bai halatta a karɓe shi daga mai rauni ba tare da an biya ba, ban ga yadda filin rukunin gidajen da za a sayar wa masu kuɗi zai halatta ba.

Na san abin da jami'an gwamnati za su ce, kuma ba duka ne zancen banza ba. Za su ce idan aka biya kowa farashin kasuwa, kuɗin diyya zai cinye kuɗin aikin, titi ba zai ginu ba. Amsata ita ce tsadar filin tana nan ko an biya ko ba a biya ba. Abin da ake yi yanzu shi ne a sauke ta daga kan miliyoyin da za su hau titin a ɗora wa 'yan ɗaruruwan da titin ya bi ta gonarsu. Idan aiki ba zai iya biyan ƙasar da zai ci ba, to lissafinsa tun farko bai fita ba. Za su kuma ce masu jin labari tun daga ofis za su riga kowa saye gonakin da arha su jira diyya. Wannan gaskiya ne, kuma yana faruwa, amma maganinsa shi ne a tsayar da ranar rufe ƙidaya tun ranar da aka sanar da aikin, a ɗauki hoton wurin daga sama a wannan rana, a yi ƙiyasi a kan darajar wurin kafin labarin aikin ya taɓa ta, sannan a binciki duk cinikin da aka yi a layin aikin cikin shekara biyu da suka gabata a ga su wane ne masu sayen. Hukumomin taswirar filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano suna da kayan aikin da za a yi wannan da su.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta cewa shi ma mai ƙiyasi mai zaman kansa ɗan Adam ne, ana iya sayensa, kuma ko mai gaskiya ne ba shi da ingantattun alƙaluman da zai kwatanta da su. Wannan na biyun babbar matsala ce. Mafi yawan filayen ƙasar nan ba su da rajista, ana cinikinsu ne da takardar mai unguwa da shaidu, musamman a unguwannin awon igiya. Waɗanda ke da takardar mallaka ta gwamnati kuma, da yake sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar, kuma kuɗin da ake biya ya danganta da farashi, mutane da yawa sukan rubuta ƙasa da abin da suka biya. Ke nan kundin gwamnati cike yake da farashin ƙarya da ita kanta ta jawo. Jihar da ke son ƙiyasi na gaskiya sai ta rage waɗannan kuɗaɗe har ya zama ƙarya ba ta da riba, ta kuma buɗe rajistar cinikayya ga kowa. Game da sayen mai ƙiyasi kuwa, akwai hukumar rajistar masu wannan sana'a da aka kafa tun 1975, wadda ke da ikon soke lasisin wanda ya ci amana. Ba za ta iya hukunta rahoton da ba ta gani ba. Ranar da aka fara wallafa kowane rahoto da sunan wanda ya sa masa hannu, abokan sana'arsa da dillalan unguwar da 'yan jarida za su karanta, kuma mutum zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta miliyan 300 a kan gidan da kowa ya san an rasa mai sayensa a 150. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofa, amma bai kamata sai an rubuta takardar nema an jira ba. Wallafawa ta zama sharaɗin fitar da kuɗi daga baitulmali.

Wani abu da ƙiyasi komai kyawunsa ba ya warwarewa shi ne cewa kuɗi a hannun manomi ba gona ba ne. An sha ganin wanda ya karɓi diyya ya yi aure, ya sayi babur, ya biya bashi, bayan shekara biyu ya koma ƙwadago a gonar wani, domin farashin gonakin da ke kusa ya tashi tun ranar da aka ji an biya diyya. Sashe na 33 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba da damar a sake wa mutum matsuguni a madadin kuɗi, kuma tsarin da ake kira kashi-mu-raba a Kano, inda ake yanka gona fuloti-fuloti a mayar wa mai ita wani kaso, ya fi kusa da adalci idan an yi shi da gaskiya, domin mai gonar yana cin moriyar tashin darajar wurin. Amma shi ma yana bukatar a rubuta kason a doka, a nuna wa mutum fulotinsa a ƙasa da takardarsa a hannu kafin a shiga gonar da buldoza. Sannan a tuna da waɗanda ba sa fitowa a jerin sunaye ko kaɗan: matan da ke da gado a gonar amma ɗan'uwansu ya dangwala a madadin kowa, wanda ke noma ta da aro ko jingina, da makiyayin da burtalinsa ya bi ta wurin.

An saba cewa ba za a iya gyara komai ba sai an gyara Dokar Amfani da Ƙasa, ita kuwa sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗaure ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yunƙura a 2009, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin gyara, amma dokar tana nan yadda take. Sai dai mafi yawan abin da na zayyana ba ya jiran wannan. Dokar ta bar hanyar ƙiyasi da jadawalin amfanin gona a hannun babban jami'in filaye na jiha, don haka gwamna na iya umartar a riƙa sabunta jadawalin kowace shekara, a fassara shi da Hausa da sauran harsunan jihar a manna a ƙofar dagaci, a bar wa kowane mai gona kwafin takardar ƙidayarsa a ranar da aka yi ta, a kuma biya kafin a rushe. Majalisar dokokin jiha kuma na iya ƙara sashe ɗaya a dokar kwangilolinta: duk ginin ko filin da wata hukuma za ta saya sama da wani adadi, sai an samo ƙiyasi biyu daga ƙwararrun da ofishin babban mai binciken kuɗi ya zaɓo ta hanyar ƙuri'a, a bayyana sunan mai kadarar na ainihi da farashin da ya saye ta da ranar da ya saya, kuma duk abin da ya haura matsakaicin ƙiyasin biyu sai majalisa ta amince da shi a zaman da jama'a ke kallo.